Ranar da Shamuwa ta Kai Ni Gaban Dagaci

Duk wanda ya koyi zane ya san dabarar nan: ka miƙe hannu da fensir, ka kanne ido ɗaya, ka auna abin da kake kallo da babban yatsa. A aji babu mai ce maka uffan. A gonakin arewacin Kano kuwa, masu awon fili kaɗai aka sani da irin wannan tsayuwa.

Farkon damina ne, shamuwa ta dawo daga cin raninta na kudancin Afirka, na ci alwashin sai na zana ta ido da ido, ba daga hoton waya ba. Na bi hanyar Dambatta, na sauka a wani ƙauye da ta yi sheƙa a bishiyoyinsa. Nan babu abin da ake kira daji. Gona manne take da gona, kowace ɗorawa da mai ita. Tun a 1965 Michael Mortimore na jami'ar Ahmadu Bello ya yi rubutu kan yadda mutanen kewayen Kano ke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin da jakuna ke kawowa. Wato duk inda ka ajiye ƙafa, abincin wani ka taka.

Na nemi inuwar gawo. Shi kuwa gawo da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana. Ni ma na samu.

Ƙa'idar zanen tsuntsu ita ce a fara da siffar ƙwai, a ɗora wuya da baki, ƙafafu su zo daga baya. Shamuwa ba ta san da wannan ƙa'ida ba. Farautar fara ta fito, kafin in rufe ƙwan ta tsallaka gonar gaba. Na bi ta, na auna, na ja layi. Ta ƙara gaba, na ƙara. Baƙin bayanta da farin cikinta ne a idona, ban lura da yaron da ya sheƙa cikin gari da gudu ba.

Ina ɗagowa sai ga magidanta da fartanya a kafaɗa sun yi mini zobe. Wani dattijo ya gyara murya.

"Sannu da aiki, Yallaɓai. Titi ne ko makaranta?"

"Baba, tsuntsu nake zanawa."

Suka kalli juna. Ban ga laifinsu ba: tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, kuma baƙo mai littafi da fensir bai cika zuwa gona da alheri ba. Wani ya matso ya raɗa mini cewa tsamiyar can tasa ce, in rubuta ta da kyau saboda diyya.

A zauren dagaci na miƙa littafin a matsayin shaida. Ya duba, ya juya shi sama ya koma ƙasa, ya sake dubawa.

"Wannan zagayen gonar wa ce?"

"Ranka ya daɗe, cikin shamuwa ne."

"Layukan nan biyu da suka ratsa fa?"

"Ƙafafunta ne."

Zaure ya yi tsit. Wata tsohuwa mai tallar fura ta leƙo, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, in buta ka zana ka faɗa, ba abin kunya ba ne." Sai dagaci ya kira yaron da ya kai rahotona, ya ce ya zana shamuwa. Ya ɗauki tsinke, ya yi 'yan layuka a ƙasa, har da yadda take sunkuyar da kai in ta hango fara. Kowa ya gane ta, har ni.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Dagaci ya ce gwamnati, duk halinta, ba za ta turo mai irin wannan hannu ba, a sallame ni. Aka dama mini fura, fensirina na 2B kuma aka ce ya fi dacewa da yaron. Ban ɗaukaka ƙara ba.

Mai tsamiya ne ya raka ni har bakin titi. Ya ce ya gane aikin na sirri ne, amma in an fara biyan diyya kada in manta da shi.