Laifin Jemage

Idan kana son sanin jarumin gida, bari jemage ya kutso ɗaki da magariba. Maigidan da ke daka wa yara tsawa shi ne na farko a bayan ƙofa, hula a hannu, yana ihu: "Ku ɗauko tsintsiya!"

An ɗora wa bawan Allahn nan laifuffukan da suka fi ƙarfinsa. Wai makaho ne. Yana gani sarai, ƙananan ma har da ƙari: suna sakin ƙara, su saurari amsa-kuwwa, su gano ƙwaro a cikin duhu. Wai ta baki yake kashi. A'a, 'ya'yan itace yake tsotsewa ya tofar da tuƙar. Wai yana shan jini. Cikin nau'o'i sama da 1,400, uku kacal ke wannan sana'a, dukkansu kuma daga Meziko zuwa Kudancin Amurka suke. Babu wanda ya taɓa neman bizar Kano.

Namu kuwa ɗan aikin dare ne, ba albashi. Furen ɗorawa da na kuka da daddare suke buɗewa, jemage ke bin su yana lasar zaƙi, yana yi musu barbara. Mai zaginsa da magariba, da daddawar da ya taimaka aka samu zai sha miya bayan isha'i.

Gargaɗi ɗaya dai: kada a kama shi da hannu, yana iya ɗauke da cutar haukan kare. A kashe fanka, a buɗe taga, zai fice da kansa. Shi ma ba son ganinku yake ba.