Rigar Ango Ta Hau Jirgi

Tsakanin Kano da Legas, in ta sama za a bi, kilomita 830 ne ko kusa da haka, kuma jirgi kan cinye su cikin awa ɗaya da rabi. Ta mota kuwa sai an haɗa wajen kilomita 1,000, a kwana a hanya, ƙafafu su kumbura. Da wannan lissafi na rufe bakin dangi, har suka damƙa mini babbar rigar ƙanena, wanda za a ɗaura wa aure a Agege ranar Asabar da hantsi.

Kawu ya ce shi da jirgi haihata-haihata. Ana saukowa daga Juma'a ya nufi tashar Sabon Gari da butarsa da ledar goro. Na raka shi har bakin mota ina cewa, "Kawu, in kun iso za ku tarar na yi barci na tashi."

Da la'asar na isa filin jirgi, takalmi na ƙyalli, riga a jaka tana ƙamshin bugu. Sai dai Disamba ce, kuma iskar hunturu ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zube mana ita a ka. Jirgin da zai ɗauke mu daga Legas zai taso, kuma matuƙi ba ya sauka a titin da ba ya gani. Aka ce a ƙara haƙuri. Muka yi magariba, muka yi isha, na sayi ruwan gora da kuɗin da zai sayi kwanon tuwo. Wani dattijo kusa da ni ya ce tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, amma har yau ba a samu wanda ya yi wa hazo oda ba. Can aka ce kowa ya koma gida, sai da safe.

Da asuba waya ta yi ƙara.

"Ɗan nan, mun wuce Ibadan. Ka tashi daga barcin?"

"Kawu, ina Kano."

Shiru na ɗan lokaci, sannan na ji yana ba duk motar labari.

Hazo bai sarara ba sai da rana ta take. Jirgi kam ya cika alkawari, awa ɗaya da rabi cif. Na isa Agege ana naɗe tabarmi, yara na tsintar ƙwallon dabino. Ango na tsaye cikin rigar aro ta Kawu, wadda ta tsaya masa a gwiwa, an kuma gama ɗaukar hotuna.

Kawu ya karɓi jakar, ya shafa aikin wuyan rigar, ya miƙo mini ɓarin goro.

"Sannu da hanzari," in ji shi. "Adana ta da kyau. In Allah Ya kai mu ranar suna, sai ka taso tun ana wata bakwai."