Madalla da Inuwar Giginya

Labari ya iso ni cewa wasu ma'aikatan masana'antu a Sharada, da 'yan uwansu na majemun Challawa da kamfanonin Bompai, sun fara janye 'yan kuɗinsu daga manyan bankuna suna zubawa a ƙungiyoyin gama-kai na wuraren aikinsu. Kai, ɗan Adam butulu ne! Bayan duk alherin da banki ya yi wa talakan Kano, da wannan za a saka masa?

Mu fara da haƙuri, wanda magabata suka ce maganin zaman duniya ne. Wa ya koya wa leburan Sharada haƙuri kamar banki? Mutum ya kwana tsaye a gaban injin narka roba, ya fito da safe idonsa jawur, ya bi layi tun daga bakin ƙofa. Azahar na yi a ce masa sabis ya ɗauke, ya dawo gobe. Wace makaranta ce take ba da irin wannan tarbiyya kyauta? A farkon 2023, lokacin sauya fasalin takardun naira a zamanin Godwin Emefiele a Babban Bankin Najeriya, an ma ƙara aji. Magidanta sun yi sammako gaban na'urar ATM, sun sayi kuɗinsu da kuɗinsu a hannun masu POS, sun koma gida da ladan jimiri.

Sai kuma rage wa bawa nauyi. Banki ya san dukiya fitina ce, shi ya sa yake tsame ta kaɗan-kaɗan don kada ta halaka mai ita. Ka tura kuɗi, a cire naira 10, ko 25, ko 50, gwargwadon abin da ka tura. In ya kai dubu goma, ga naira 50 ta gwamnati. Ga kuɗin kula da kati. Daga watan Maris na 2025, in ka cire kuɗi a na'urar bankin da ba naka ba, naira 100 ce a kan kowace dubu ashirin. Sannan don tsabar ladabi, a aiko maka da saƙon waya a sanar da kai an cire, a kuma cire kuɗin saƙon. Mai albashin dubu saba'in ba ya bukatar ya nemi wanda zai yi wa kyauta, an hutar da shi.

Babbar falalar ita ce tsare talaka daga bashi. Je ka nemi rancen dubu ɗari uku ka sayi keken ɗinki ko injin markaɗe. Za a tarbe ka da fara'a cikin sanyin na'ura, a tambaye ka takardar mallakar gida, da masu tsaya maka, da tarihin asusunka na watanni. Kai da kake haya a ɗaki ɗaya a Ja'en, ina ka ga takardar gida? In ma ka kawo, kuɗin ruwan ya kai talatin cikin ɗari ko ya haura. Ka ga an kuɓutar da kai daga riba, an kuma kuɓutar da kai daga jari. Har masu masana'antu an yi musu wannan gata: ga tsadar lantarki, ga tsadar rance. Shi ya sa masaƙu da yawa a Bompai da Sharada suka samu hutun da ba ranar dawowa, ciyawa na kiwon kanta a harabarsu.

Kada ka damu da inda ajiyarka take tafiya. Tana hannu nagari. Ana ranta wa gwamnati, ana ranta wa manyan kamfanonin mai da na sadarwa, mutanen da suka san darajar kuɗi. A 2004, a zamanin Charles Soludo a Babban Bankin Najeriya, an ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa, mai hedikwata a nan Kano, ya narke cikin Unity Bank. Tun daga nan aka sauƙaƙa mana wahalar yanke shawara a kan kuɗinmu, ana yanke mana ita daga nesa. Giginya ke nan, tushenta a gidanka, inuwarta na nesa ka sha. Ai karamci ne mutum ya shayar da baƙon da bai taɓa gani ba.

To, dubi abin da waɗannan butulai suka koma wa. Ƙungiyar gama-kai ba ta da gilashi, ba ta da mai gadi da zai daka maka tsawa. Ma'ajinta abokin aikinka ne, ya san sunanka, ya san matarka ta haihu. Kana zubi duk wata daga albashi, in bukata ta taso a ranta maka fiye da abin da ka tara, jinginarka kawai 'yan uwa biyu da suka yarda da amanarka. Azumi ya gabato, a sayo shinkafa da sukari a sari a raba, a riƙa cira a hankali. Da yawa a ƙasar Hausa ba sa ɗora ruwa, sai dai su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka yi yarjejeniya a kanta. Abin da ya fi muni, ƙarshen shekara a tara ku a karanta lissafi a bainar jama'a, a raba rarar, kowane mamba da ƙuri'a ɗaya, da mai dubu biyar da mai miliyan. Ina mutunci a nan? Wannan ai adashin iyayenmu mata ne aka sa wa rajista da littafi. Irinsa Raiffeisen ya kafa wa manoman Jamus a ƙarni na 19, irinsa ne ya riƙe miliyoyin mutane a Kenya, kuma tun 1935 Najeriya take da dokarsa. Tsohon yayi!

Masu kare banki za su ce uwar adashi takan gudu da zubi. Gaskiya ne, an sha gani. Shi ya sa waɗannan masu taurin kai suke yi wa ƙungiyarsu rajista a sashen gama-kai na jiha, suke sa hannun mutum uku kafin a fitar da ko sisi, suke kiran mai binciken lissafi duk shekara, suke sauya shugabanni ta zaɓe. Wato har sun gano cewa mai kuɗi yana da ikon tambayar inda kuɗinsa ya kwana. Wannan ilimi ne mai haɗari.

Don haka ina roƙon ma'aikatan Sharada da Challawa da Bompai su dawo layi. Kura ta saba da shan bugu, gardi ya saba da karɓar kuɗi, kada a ɓata tsari. Domin in kowace masana'anta ta kafa asusunta, in gumin majemi ya koma jarin ɗinkin matarsa, in zubin direba ya zama kuɗin makarantar ɗan maƙwabcinsa, wa zai shayar da giginya? Ranar da mutanen Sharada suka dasa bishiyar da za su zauna a inuwarta da kansu, na nesa zai ji zafin rana. Ku tausaya masa mana, kamar yadda ya tausaya muku.