Mas'alar Akawal da Garin Magani

Daga cikin mas'alolin da malaman fiƙihu, Allah ya jiƙansu da rahama, suka wuce ba su buɗe musu babi ba, ko a Risala ko a Muhtasar, akwai wata wadda takan taso a bargar masu hali idan Sallah ta ƙarato, watau yadda za a yi doki ya ci garin magani alhali shi bai ƙulla niyya ba. Na ambaci ƙaratowar Sallah ne domin a lokacin ne akasarin masu dawaki sukan tuna cewa dabbar nan da ke ɗaure a turke tun bara tana da gwiwa da hanji kamar kowane mai rai; an riga an ɗinko alkyabba, an wanke jalala, an goge likkafa, an sanar da 'yan rakiya cewa bana Alhaji zai fita hawan Daushe da na Nasarawa, sai kwatsam a wayi gari akawal yana ɗingishi.

Sai a aika a kira malamin dabbobi. Shi kuwa bawan Allah, wanda iliminsa yake da silsila tun daga Vom, inda aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a 1924, har zuwa ɗakunan karatu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, zai zo ya shafa ƙafa, ya ɗaga kofato, ya kintaci nauyin dokin, sa'an nan ya ba da farin gari ƙulli-ƙulli, ya ce a sa ɗaya da safe ɗaya da yamma a cikin abinci har kwana biyar, kuma kada a ɗora masa sirdi sai ya huta. Rabin farko na wannan fatawa shi Alhaji yakan ji. Rabin ƙarshe, na hutu, iska ce takan kwashe shi kafin ya iso kunne.

Da yamma ɗan barga ya zuba gero a komi, ya barbaɗa garin, ya motsa da hannu, ya ja da baya yana fito, wai don kada a zarge shi. Akawal ya sunkuya, ya shinshina sau ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi yaron da irin duban da alƙali yakan yi wa mai shaidar zur. In yunwa ta matsa masa, sai ya sa leɓensa na sama, wanda Allah ya hore masa wata gwaninta da yatsun mai tsintar shinkafa ba su kai ta ba, ya tsince geron tsaba-tsaba har ya ƙare, ya bar garin a gindin komi cif, ba ragi ba ƙari. In kuwa ransa ya ɓaci, sai ya hura hanci sau guda, ya mayar wa ɗan barga maganin a fuska.

A nan ya wajaba in tsaya in yi wa dokin adalci, domin an daɗe ana kiransa mai tsirfa ba da hakki ba. Doki ba ya amai. Ƙofar tumbinsa tana da wani matsattsen nama wanda yake barin abu ya shiga, ba ya barinsa ya komo, saboda haka duk abin da ya haɗiye ya haɗiye ke nan, alheri ne ko guba. Halittar da aka yi wa wannan hukunci dole ta tsananta bincike a bakin ƙofa, hanci ya yi tambaya, leɓe ya tantance, harshe ya sa hannu. Mu da aka ba mu ikon amayarwa, mu ne muke tsayawa a tashar mota, mutum ya buɗe jaka a tsakar rana ya ce wannan ja da rawaya yana maganin basir da shawara da ciwon baya da rashin kuzari, mu miƙa kuɗi mu kora da ruwan leda ba tare da mun tambayi ko sunansa ba.

Kashegari labari ya bazu cewa dokin Alhaji ya ƙi magani, kuma babu abin da yake tara jama'a a ƙofar gida da gaggawa kamar majinyacin da ba na mutum ba. Kafin hantsi majalisa ta cika: mai gadi, da direba, da tela maƙwabci, da wani dattijo wanda kakansa, in ji shi, ya taɓa riƙe wa Shamaki ragama. Nan take aka sami saɓani, aka rabu mazhabobi. Ma'abota hila suka ce a narka mazarƙwaila a cuɗa, aka cuɗa, akawal ya lashe gefen da babu magani ya bar sauran wa ƙudaje. Ma'abota ƙarfi suka ce wannan shagwaɓa ce, a nemo ƙarti huɗu da kwalba a yi masa ɗura. Aka yi, aka tashi da tela yana riƙe da haƙarƙari, rabin maganin a rigar direba, rabi a ƙasa. Wani ma ya kawo ra'ayin a zuba ta hanci, kuma wannan ra'ayi, ba da wasa nake faɗa ba, shi ne yake kai ruwa cikin huhu ya kashe dabbar da ɗingishi kawai take yi. Dattijon ya saurare su duka, ya gyara zama, ya ce shi dai a zamanin mahaifinsa kanwa kaɗai aka sani, kuma dawakin da suka je Kaduna a 1956 suka yi wa Sarauniyar Ingila hawa babu wanda aka barbaɗa wa garin Bature. Babu wanda ya iya kawo hujjar da za ta rushe wannan, domin babu wanda yake wurin, har da shi mai maganar.

Da aka rasa ijma'i, sai aka koma ga bayanin da ba ya taɓa ba mu kunya, watau baki. Ai an ga yadda mutanen wancan gida suka dubi akawal a hawan bara. Aka karɓo rubutu, aka zuba a ruwan sha, dokin da ya wuni yana kokawa da ƙarti ya shanye bokiti tas, jama'a suka yi kabbara.

Duk wannan abin da ake yi, ɗan barga yana tsugune a gefe, shi da yake kwana yake tashi da dokin. Can ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ranka ya daɗe, da za a jiƙa dusa kaɗan yadda garin zai manne, a fara ba shi da zuma ba magani har ya saki jiki, sa'an nan a sa masa a ɗan abinci kaɗan lokacin da yake jin yunwa. In ya ƙi, a kwaɓa da zuma a sirinji marar allura, a zura ta gefen baki inda babu haƙori, wurin da linzami yake zama, a matsa a bayan harshe, a ɗan tallafe haɓarsa har ya haɗiye." Wannan ita ce hanyar da malamin dabbobi da kansa zai faɗa da an tambaye shi, amma tana da aibi biyu da ba a yafewa a majalisa: ba ta da tsada, kuma daga bakin yaro ta fito. Alhaji ya ce, "Kai, manya suna magana. Je ka kwashe kashi."

Sa'an nan ya juya ga dokin ya yi masa wa'azi mai ratsa zuciya a kan butulci, ya lissafa masa buhunan gero da dammunan harawa, ya tambaye shi wane irin mahaluki ne za a saya masa lafiya da kuɗi ya ƙi karɓa. Yana cikin haka muryar uwargida ta fito daga bayan zaure: "Alhaji, naka fa na hawan jini? Na ga na shekaranjiya ma a ƙarƙashin matashi." Ya ce, "Hajiya, maganar doki ake yi."

Sauran abin da ya rage na ijtihadi ya fi duk na baya haɗari. Direba ya lissafa cewa tun da an tsallake kwana uku, sai a haɗa ƙulli shida a ba shi gaba ɗaya, kamar mai rama sallolin da suka kuɓuce masa. Garin nan kuwa, in irin wanda aka saba ba dawaki ne don ciwon gaɓoɓi, mai suna fenilbutazon, yawansa yana gyambace tumbi da hanji, ya taɓa ƙoda. Dattijon kuma ya matso ya yi ƙiyasi, ya ce abin da zai warkar da gwiwar ingarma ai gwiwar ɗan Adam wasa ce a wurinsa, a ɗan sam masa a takarda. Bai san cewa ƙasashe da dama sun janye wannan magani daga hannun mutane ba, saboda yakan lalata ɓargon da yake ƙera jini. Aka sam masa, domin hana dattijo abu rashin ladabi ne.

Ana cikin wannan muhawara kwanaki suka shuɗe ba wanda ya sami sukunin ɗaura sirdi, akawal ya sami hutun nan da malamin dabbobi ya umurta aka ƙi ji, kuma akwai zaton cewa ɗan barga yana bi da dare da zumarsa da sirinjinsa. Ranar hawa doki ya fita yana taƙama har Ƙofar Kudu. Mai rubutu ya sami tukuici, dattijo ya sami shadda, ma'abota ɗura suka ce ai ɗan abin da ya shiga ne ya yi aiki, malamin dabbobi kuma aka ce masa ya dawo bayan Sallah a duba maganar kuɗinsa. Ƙullin da ya rage aka zuba a gwangwanin madara aka ɗora a kan katanga, kuma tuni tela ya aiko a ara masa biyu, jakin surukinsa yana tari.