Babin Gajiya da Hukunce-hukuncenta

Ka sani, ya kai ɗalibi, fansho ladan gajiya ne, ita kuwa gajiya ba a kafaɗa ake auna ta ba, a kujera ake auna ta. Jahiltar wannan ƙa'ida ce ta sa masu dakon riɗi a Gagarawa da masu koro shanu kasuwar Maigatari ran Alhamis suke zaton su ma sun gaji.

Gajiya hawa-hawa ce. Mafi rauni ita ce ta ma'aikaci, kamar akawu a sakatariyar Sule Tankarkar. Tasa ba ta nuna sai ya shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 a duniya, kuma da kuɗinsa yake sayenta: a adashin fanshon da Jigawa ta kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, ana yankar kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, gwamnati ta ɗora 17. Bayan haka wajibi ne tsohon ma'aikaci a Gumel ya riƙa zuwa tantancewa, domin kasancewarsa a raye magana ce mai buƙatar hujja.

Sai ta alƙalin babbar kotu. A da an ɗauka tana kama shi yana ɗan 65, amma gyaran tsarin mulki na 2023 ya gano sai 70. Sashe na 291 ya yanka wa wanda ya cika sharuɗɗa kwatankwacin albashinsa na ƙarshe har ƙarshen rai. Babu saɓani a nan, don mai saɓawar gaban alƙalin za a kai shi.

Mafi tsanani ita ce ta gwamna, wadda ke nuna cikin shekara 4 kacal. Sashe na 124 ya bar wa majalisar jiha ta nemo magani, ta Jigawa kuwa ta rubuta albashin gwamna mai ci, da gida mai ɗaki shida, da direbobi, da mota biyu da za a riƙa sauyawa duk shekara 4. Hikimar sauyin ita ce wannan gajiya tana yaɗuwa, har motar da ke ajiye a inuwa takan ɗauka. Shi tsohon gwamna ba a tantance shi. Rayuwarsa mutawatira ce.

Mas'ala: in tsohon gwamna ya zama sanata ko minista, gajiyar ta warware? Jamhuru sun ce a'a, sabuwa kan tsohuwa take hawa. Wata kotun tarayya a Legas ta yi fatawa da akasin haka a 2019, sai dai ɗalibanta ba su da yawa.

Mazhabar Zamfara ce ta fita zakka. A 2019 tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta takardar tuni kan naira miliyan 10 na ɗawainiyarsa ta kowane wata, majalisa ta zauna ta soke dokar fanshon baki ɗaya. Har yau likitoci na nazarin yadda wasiƙa guda ta warkar da ciwo irin wannan.