Kar Ka Goge, Zan Kalla Wata Rana

Tambaya uku mutuminmu yake yi idan ya shiga kasuwar waya, ko Farm Centre ce a Kano, ko Banex a Abuja, ko ya yi dogon zango har Computer Village ta Ikeja. Ido nawa gare ta a baya? Tana riƙe caji? Ta yi yawa a hannun mutane? Ta ukun nan tarko ce. In mai shago ya ce ta yi yawa, a ce ta zama ta kowa da kowa. In ya ce ba ta yi ba, a ce to in ta lalace ina za a samo kayanta. Tambayar da ba a yi kuwa ita ce za ta dawo ta hana mutum sakat kafin wata uku: cikinta giga nawa ne?

Kwanan baya ina zaune a wani shago ana manna wa wayata gilashi, sai ga wani Alhaji, shadda tana ƙara, turare ya riga shi sallama. Yaron shago ya jera masa waya biyu a kan kanta.

"Ranka ya daɗe, wannan 64 ce, wannan kuma 128. Abin da ke tsakaninsu bai kai kuɗin hular nan taka ba."

Alhaji ya ɗauki ta farko, ya juya bayanta, ya ƙirga idanun da yatsa, ya kara ta a kunne yana duban kansa a madubi.

"Mai ruwan gwal ɗin nan, wacce ce a ciki?"

"Ita ce mai 64 ɗin, Alhaji."

"To sa min ita a leda. Ni me zan ajiye? Kira kawai nake yi, sai ɗan WhatsApp."

Ɗan WhatsApp! Yaron ya sunkuyar da kai yana rubuta rasit, gefen bakinsa yana motsi. Ya san ciniki biyu ya yi a zama ɗaya: na yau, da na ranar da Alhaji zai dawo yana faɗa.

Tun kafin a zo kan WhatsApp ma, 64 ɗin da aka buga a kwali ba duka za a ba ka ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da wayar tana da kasonta. Tarkacen da kamfani ya cusa tun daga masana'anta, waɗanda ba ka roƙa ba kuma wasunsu ba sa goguwa, su ma suna da nasu. Sau da yawa giga goma ko fiye sun tafi kafin ka ɗauki hoton farko. Bayan haka kowace manhaja sai ta riƙa damunka a sabunta ta, kuma ban taɓa ganin wadda ta dawo daga sabuntawa a rame ba.

Akwai kuma lissafin nan na jikin kwali mai ruɗa jama'a: 4+4, 8+8. Wannan ba wurin ajiyar hoto ba ne. RAM ne, inda waya take riƙe abubuwan da ka buɗe a lokacin da kake aiki da su. Shi ke sa ka fita daga Facebook ka leƙa banki ka dawo ka tarar da inda ka tsaya. Lambar farko ita ce ta gaske. Ta biyun aro ce, kuma daga ma'ajiyarka ake yanko ta. Mai gidan haya ne ya kewaye rabin tsakar gidanka da langa-langa, ya ce ya ƙara maka ɗaki, ka gode masa. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, suna da wannan dabara, Samsung da Redmi ma suna da irin tasu. Tana ɗan taimakawa, ban ce ƙarya ba ce. Amma mai saye da ya ga 8+8 sai ya nufi majalisa ya sanar cewa tasa sha shida ce, a jinjina masa, ba wanda zai tambaya sha shidan mene ne.

To, mu zo kan masu cika ta.

Kowane baligi mai waya yana da guruf na dangin uwa, da na dangin uba, da wani na dangin uban amma ban da su wane, inda ake tattauna abin da su wane suka faɗa a wancan. Akwai na 'yan ajinmu na firamare, na masallacin unguwa, na karo-karon gyaran taransifoma. Akwai na bikin da aka yi tun kafin korona. Amarya ta haihu biyu, amma ba wanda ya fita, kar a ce ya yi fushi. A 2022 WhatsApp ya yarda guruf ɗaya ya ɗauki mutum 1,024, ya kuma yarda a tura fayil mai nauyin giga 2 a ɗaure guda. Wanda ya yanke wannan hukunci, na rantse bai taɓa kwana a guruf ɗin dangi daren Juma'a ba.

Tun kafin a sallame asuba furanni suke fara sauka. Jan fure da barka da Juma'a. Fure mai ƙyalƙyali da barka da Juma'a. Masallaci da tattabaru suna shawagi. Ruwa yana gangarowa daga dutse, an ɗora masa murya. Duk wanda ya samu sai ya mayar da shi guruf ɗin da ya samo shi, don haka fure ɗaya sai ya shigo maka ta ƙofa bakwai. Addu'a ce, ba mai ƙin addu'a, muna cewa amin. Sai dai amin ba ta rage wa hoto nauyi. Hantsi na yi sai maganin cuta arba'in da tafarnuwa da zuma ya iso, bayansa bidiyon hatsarin da aka ce jiya-jiya ya faru a hanyar Zariya, alhali lambar motocin ma ba ta ƙasar nan ba ce. Sannan saƙon murya na minti goma sha ɗaya: ina kwana, ya gida, ya yara, ya zafi, ya mai jiki, ya haƙuri da ƙasa, a ƙarshe, "To dama ba wani abu ba ne, ka kira ni in ka samu sarari."

Shi kansa WhatsApp ya gaji da mu. A 2019 ya ce ba za a tura saƙo wuri fiye da biyar a lokaci ɗaya ba. A 2020 ya ce saƙon da ya riga ya sha yawo sai dai a tura shi wuri ɗaya. Muka ce ai ba sauri muke yi ba, ɗaya bayan ɗaya ma za mu kai.

A gidan biki kuwa an ɗauko mai hoto, an biya shi kuɗi masu kauri, amma da amarya ta shigo sai hannu ɗari ya tashi sama. Kamu a ɗauka, sa lalle a ɗauka, dina a ɗauka, buɗar kai a ɗauka. iPhone da kanta ta rubuta a saitinta cewa minti ɗaya na bidiyon 4K mafi santsi yana cin wajen mega 400, wato minti biyu da rabi giga guda ya tafi. In ka buɗe abin da aka ɗauka, ƙeyar wani ce da ɗaurin ɗankwalin wata, amarya tana can nesa ba ta fi ƙwayar gero ba. Kashegari kowa zai zuba nasa a guruf, kowa ya sauke na kowa. Ɗan sararin da ya tsira, a kai shi wurin masu tura fina-finai, ko a haɗa Xender da aboki: Labarina daga zangon farko, Izzar So, da fassarar Indiya guda ashirin da za a kalla "in an samu lokaci".

Ranar da waya ta ce ta ƙoshi, ranar ake neman yaro mai ilimin zamani. Na ga yadda aka yi da Gwaggona da ɗan ƙaninta a tsakar gida, tana kan tabarma, shi yana tsugune.

"Kai, zo duba min wayar nan. Ta ƙi ɗaukar hoto, saƙo ma ba ya shigowa. Ko baki aka yi mata?"

"Gwaggo, cika ta yi. Sai an goge wasu abubuwa."

"To goge marasa amfanin."

"Ga bidiyon sunan gidan Yaya, sau huɗu yake a ciki. In bar ɗaya?"

"Bar su duka. Ɗaya Hajiya Babba ce ta turo. In ta tambaya fa?"

"Wannan fa? Hoton ƙasa ne kawai, sai babban yatsan ƙafarki."

Ta karɓa, ta kawo shi dab da ido, ta daɗe tana kallo.

"A Madina ne. Bar shi."

"To ga tafsirin azumin bara, talatin cif, ko ɗaya ba ki buɗe ba."

"A'uzubillahi! Tafsiri za ka goge? Da hannunka? Zan saurara wata rana."

Aka yi la'asar ana wannan shari'a. A ƙarshe abin da aka amince a goge shi ne manhajar banki, domin ita kaɗai ce ba wanda ya turo.

Nan gizo yake saƙar. A wurinmu goge abin da wani ya turo ɗan ƙaramin yanke zumunci ne. Kowane bidiyo yana da uwa da uba: wannan na Kawu ne, wannan na maƙwabciya, wannan na marigayi ne, shi kam ko kusa da shi kar ka je. Injiniyan da ya zauna a Shenzhen ko Kalifoniya yana lissafin giga nawa zai ishi mutum ɗaya, mutum ɗaya ya lissafa. Bai san dangi guda ne za su tare a ciki ba.

Kuma ba yau aka fara ba. Da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, lokacin da riƙe Nokia 3310 sai wane da wane, ba hoto ba bidiyo, amma mun iya cika ta da saƙon rubutu har 'yar ambulan ɗin nan ta saman allo ta riƙa ƙiftawa tana roƙon a goge ɗaya wani ya shigo. iPhone ta farko da ta fito a 2007 giga 4 ce da giga 8. iPhone 17 ta 2025, mafi ƙanƙantarta 256 ce. An ninka ta ƙasan sau 64, kukan kuwa ko murya bai canja ba.

Wani zai ce ai sai a sa memori. Gaskiya ne, yawancin wayoyin talaka suna da ramin sa shi. Amma abin mamaki, iya tsadar waya iya rowarta: iPhone ba ta taɓa zuwa da ramin memori ba, kamfanin Samsung kuma ya toshe na manyan wayoyinsa tun daga Galaxy S21 a 2021. In ma akwai ramin, WhatsApp, wanda shi ne babban mai cin wuri, ba ya yarda ya tare a kan memori, cikin waya yake zamansa. Ga kuma jabu. A rubuta 64 a jikinsa, cikinsa bai kai 8 ba. Ya yi ta karɓar kaya yana cewa madalla, ranar da ka zo neman hoton ɗaurin aurenka ka tarar da baƙin allo.

Wani kuma zai ce a kai ajiya intanet. Google yana ba kowa giga 15 kyauta, amma a ciki Gmail zai ci, hotuna su ci, takardu su ci. Tun 1 ga Yunin 2021 ya daina karɓar hoto ba iyaka, daga farkon 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma a cikin sha biyar ɗin take. Apple giga 5 yake bayarwa. Da ka haura, sai biyan wata-wata. Wa za ka faɗa wa wannan? Mutumin da yake kashe data da zarar ya gama karanta saƙo, har ya leƙa ya tabbatar ta mutu?

Saboda haka in ka tambaye ni ko ƙarancin ciki ya isa ya sa a fasa sayen waya, sai in ce ya isa har ya yi yawa, kuma ya fi launi da yawan ido muhimmanci. Ruwan gwal ɗin nan kaba za ta rufe shi tun ranar farko. Wasu idanun a ƙananan wayoyi kusan ado ne. Batir in ya gaji a canja shi, gilashi in ya fashe a sa wani, amma cikin da ta zo da shi da shi za ta mutu. Mai 64 ta dace da wanda ba shi da dangi, ba ya zuwa biki, kuma ba a san lambarsa a masallaci ba. Mai 128 za ta riƙe mutum mai matsakaicin zumunci. Wanda yake admin a guruf ɗin gida, ko yana da 'yan mata uku da suka isa aure, kar ya sauka daga 256. In kuɗi bai kai ba, gara 'yar bara mai faɗin ciki da 'yar bana mai ƙaramin tumbi, ko da majalisa ba za ta tafa ba.

Akwai magani na kyauta, ban ɓoye ba. A cikin saitin WhatsApp ana iya hana hoto da bidiyo sauka da kansu, akwai kuma inda yake jero maka duk abin da ya haura mega 5 da duk abin da ya sha yawo, ka share su a taɓi ɗaya. Na faɗa ne don in sauke nauyi. Na san ba za a yi ba.

Abin da za a yi shi ne a koma kasuwa a sayo mai 256, sabuwa fil a kwali, a zauna kan benci a miƙa wa yaro tsohuwar, a ce ya kwashe komai ya zuba a sabuwar, kar ya bar ko sitika. Furannin Juma'a na shekara huɗu su yi hijira, ƙeyar mutumin biki ta bi su, fim ashirin ɗin nan su rufa baya. Kafin a cire mata ledar fuska ta yi rabi.

"Yallaɓai, an gama. Tsohuwar fa, mu saye ta? Za mu yi maka farashi mai kyau."

"A'a, ba ni abata. Akwai abubuwa a ciki."

"Ai duk mun kwashe su, suna cikin sabuwar."

"Na sani. Ko da wani abu."