Bitamin D Ba Ruwan Sha Ba Ne, Malam

Tun ban buɗe baki ba na ga wasunku sun taɓe nasu: "Bitamin ne fa, ina shi ina cutarwa?" Gyara zama, Malam. Hajiya, ke ma da yaron kemis ya ce miki ƙwayar na maganin ciwon gaɓoɓi, gajiya har da ɓacin rai, matso kusa.

Akwai wata cuta, sarkoyidosis, wadda likitan Ingila Jonathan Hutchinson ya bayyana a 1877. Ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke taruwa su dunƙule, galibi a huhu da kaluluwar ƙirji, wani sa'in a fata ko ido. Ga tari, ga haki, ga kasala, har akan ɗauke ta tarin fuka, mutum ya sha maganin wata shida a banza.

To ina bitamin D ya shigo? Wanda fata ke haɗawa a rana da wanda aka haɗiya, duk ba su isa aiki ba tukuna. Sai hanta ta sarrafa, sannan ƙoda ta mai da shi mai ƙarfi, kuma ƙoda ta san lokacin tsayawa. Su kuwa dunƙulen nan sun buɗe tasu masana'antar ta bayan fage, ba lasisi ba lokacin tashi. Hanji ya yi ta zuƙar kalsiyam. Kusan majinyaci 1 cikin 10 jininsa kan cika da shi, waɗanda yake yi wa yawa a fitsari ma sun fi haka. Daga nan sai ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida da tsakuwar ƙoda.

"Wa ya ce ba ƙodar ce ke yi ba?" Madalla, dama kai nake jira. A 1981 likitoci sun ba da rahoton wani mai cutar da ba shi da ƙoda ko ɗaya, amma ga bitamin mai ƙarfin nan birjik a jininsa. Daga aljihunka ya fito?

Tarkon yana cikin gwajin jini. Wanda aka saba yi, bitamin na ajiya da hanta ta sarrafa yake aunawa, yana iya nuna ƙaranci alhali mai ƙarfin ya yi ambaliya. Ka ga takarda, ka ruga kemis, ka ƙara wa kanka aiki.

"Ai mun ji yana rage kumburi." Kun ji daidai. Binciken VITAL a Amurka, mutum 25,871, an ga masu shan 2,000 IU na bitamin D kullum sun samu raguwar cututtukan da garkuwar jiki ke far wa mai ita da kashi 22 cikin 100. Amma manya ne gama-gari, ba masu wannan cutar aka tara ba.

Ba a haramta wa masu sarkoyidosis bitamin D ɗungurungum ba. Maganin cutar, prednisolone, yana cin ƙashi, don haka likita kan ba wasu, bayan ya auna kalsiyam a jini da kuma fitsarin awa 24. E, Alhaji, na yini da kwana. Ka tanadi galan.